ABUL ƘASIM AZ-ZAHRAWI: LIKITAN ƘURƊUBA MAI ƊORI DA FIƊA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta, ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwar shanu take ci, ya ga manyan motoci suna ƙetarewa, dabbobi a ciki, mutane kuwa a jere bisa katako a can sama, to ba sai an gaya masa yadda ake samun karaya a wannan yanki ba. Wani daga saman mota yake faɗowa, wani daga babur, wani daga kan bishiya ya hau yanko wa awaki ganye, wani kuma ramin ƙasa ne yake ruftowa a kansa. In karayar ta hannu ce ko ta ƙafa, da sauƙi. Amma in ta zo a ƙashin baya, to magana ta girma. Ko dai ƙafafu su shanye nan take, ko kuwa mutum ya tashi kamar ya warke, amma bayan wata da watanni baya ya tanƙware, doro ya fito, ya kasa miƙewa a sahun salla, ya kasa riƙe fartanya.

Mutane da yawa suna zaton binciken wannan lalura jiya-jiyan nan aka fara shi. Alhali kuwa fiye da shekara dubu da suka wuce wani malami Musulmi a ƙasar Andalus ya zauna ya rubuta alamomin karayar baya ɗaya bayan ɗaya, ya rarrabe wadda za a taɓa da wadda ba za a taɓa ba, ya kuma zana kayan aikin da hannunsa. Sunansa Abul Ƙasim Az-Zahrawi, kuma tarihinsa ne filin ya ɗauko a wannan mako.

Asalinsa Da Zamaninsa

Cikakken sunansa Abul Ƙasim Halaf bin Abbas Az-Zahrawi Al-Ansari. Laƙabin nan na ƙarshe yana nuna cewa ana jingina gidansu ga Ansaru, mutanen Madina. An haife shi wajen shekara ta 936 Miladiyya, daidai lokacin da Halifa Abdurrahman An-Nasir ya fara gina birnin Madinatuz Zahra, kamar mil 5 yamma da Ƙurɗuba, a ƙasar da ake kira Sifen a yau. Ga wannan birni ake danganta shi, shi ya sa ake ce masa Az-Zahrawi.

Andalus ba baƙuwar ƙasa ba ce ga almajiran ƙasar Hausa, ko da kuwa ba su taɓa ganin taswirarta ba. Mutanenta Malikawa ne. Muwaɗɗar Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan Kano, ruwayar Yahaya bin Yahaya Al-Laisi ce, malamin Ƙurɗuba. Ishiriniyar da ake rerawa a makarantu da masallatai, mai ita, watau Alfazazi, haifaffen Ƙurɗuba ne. To, a wannan birni mai albarka Az-Zahrawi ya yi karatu, ya yi aiki, ya karantar.

Ya tashi a lokacin da daular take kan ganiyarta. Abdurrahman ya yi mulki daga 912 zuwa 961, kuma a 929 ya ɗauki sunan Halifa. A zamaninsa Sarkin Rum ya aiko da kyautar wani tsohon littafin itatuwan magani na Diyoskoridis cikin harshen Yunananci, daga baya ya aiko da wani malamin Kirista mai suna Nikola, wanda ya iso a 951 ya zauna da likitocin Ƙurɗuba, Musulmi da Bayahude, suna tantance sunayen tsirrai. Ɗansa Al-Hakam Al-Mustansir, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, ya fi uban son littattafai, har masu tarihi suka ruwaito cewa ɗakin karatunsa ya tara littafi wajen 400,000. Ana lissafa Az-Zahrawi cikin likitocin fadar wannan Halifa. Amma labaran majinyatan da ya kawo a littafinsa sun nuna cewa ƙofarsa a buɗe take ga kowa: akwai sojan da kibiya ta soka, akwai baiwa, akwai mai naƙuda, akwai jariri, akwai tsoho.

Littafin At-Tasrif

Bayan ya shafe kimanin shekara 50 yana aiki, wajen shekara ta 1000, ya kammala babban littafinsa mai suna At-Tasrif Liman Ajiza Anit Ta'alif. Manufar sunan ita ce, ga ilimin magani an tattaro an shirya wa wanda ba shi da ikon tattarawa da kansa. Ya kasa shi maƙala 30. Ta farko tana bayanin ginshiƙan ilimin likitanci, ta biyu tana bin cututtuka daga kai har ƙafa, galibin sauran kuwa a kan magunguna da abinci da yadda ake haɗa su suke. A cikin littafin yakan kira almajiransa da sunan 'ya'yansa, kamar yadda malaman zaure suke yi.

Maƙala ta 30 ita ce ta fiɗa, kuma ita ta ɗaukaka sunansa a duniya. Ya raba ta kashi uku. Kashi na farko a kan lalas, watau magani da ƙarfe mai zafi, babi 56. Na biyu a kan tsaga da huji da ɗinki da ciro kibiya, babi 97. Na uku a kan ɗorin karaya da mayar da gocewar ƙashi, babi 35. A ciki ya zana kayan aiki kusan 200, wuƙaƙe da almakasai da ƙugiyoyi da zartuna da awartaki, ya faɗi irin ƙarfen da za a ƙera kowanne da shi, da yadda za a riƙe shi.

Abubuwan da ya gani da idonsa ya rubuta suna da yawa. Ya ba da labarin wani ƙauye inda maza suke mutuwa saboda zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni, cutar da yau aka tabbatar gadonta ake yi. Ya bayyana cikin da yake zama a wajen mahaifa. Ya koyar da ɗinkin hanji da zare mai laushi wanda aka murɗa daga hanjin dabba, da ƙulle jijiyar jini, da ɗaure haƙori mai girgiɗi da wayar zinariya. Ya kuma ba da labarin wata baiwa da ta yanke maƙogwaronta da wuƙa, ya same ta iska tana fita ta raunin, ya duba ya ga manyan jijiyoyin wuya ba su yanke ba, ya ɗinke, ta warke, abin da ya rage mata sai dashewar murya.

Bai ɓoye malamansa ba. Ya ɗebo daga Buƙraɗu da Jalinusu da Bulus na tsibirin Ajina, likitocin Yunan na dā, ya ambace su da sunansu. Inda ya jarraba maganarsu ya ga ta yi, sai ya tabbatar da ita. Inda ya ga tsawaitawa ce marar amfani, sai ya taƙaita ya faɗi dalili.

Yaron Da Ɗauri Ya Kashe

A farkon maƙalar fiɗa Az-Zahrawi ya koka da cewa wannan sana'a ta kusa bacewa a ƙasarsa, ta faɗa hannun waɗanda ba su san yadda aka gina jikin mutum ba. Ya nuna cewa kafin mutum ya ɗauki wuƙa wajibi ne ya san ƙasusuwa da jijiyoyi da gaɓoɓi, da yawansu, da inda kowanne ya taso da inda ya nufa. Don ya ja kunnen almajiransa sai ya kawo labari huɗu na ɓarnar da ya gani. Wani ya tsaga ƙari a wuyan wata mace ya yanke jijiya, jini ya zuba har ta cika a gabansa. Wani ya ciro babban tsakuwa daga mafitsarar wani tsoho ya haɗo da naman mafitsarar, tsohon ya rasu bayan kwana uku. Wani ya huda daji, daji ya fashe ya zama gyambo.

Amma labarin da ya fi dacewa da masu karatu a nan shi ne na wani likita mai cin albashi a gidan wani shugaban soja. Wani yaron gidan ya karye a ƙafa kusa da dunduniya, ga kuma rauni a wurin. Likitan nan, saboda jahilci, ya sa tsumma da karare ya ɗaure tamau a kan raunin, bai bar masa ko kafar shan iska ba, sa'an nan ya hana a kwance. Ƙafa ta kumbura, yaro ya kai gargara. Da aka kira Az-Zahrawi sai ya yi maza ya kwance ɗaurin, yaron ya sami sa'ida, amma ruɓa ta riga ta kama, ta yi ta hawa har ta kashe shi. Allahu Akbar! Wannan labari ya shekara dubu, amma likitocin ƙashi na Kano suna ganin ƙannensa har gobe: yaro ya faɗo daga mangwaro, an ɗaure hannu ya wuce kima, yatsu sun yi baƙi, ba a kawo shi asibiti ba sai da ya zama babu mafita sai yankewa.

Ƙa'idojin da ya shimfiɗa na ɗori a bayyane suke. A ja gaɓar a hankali, a daidaita ƙashi da hannu, a gwada shi da ɗan'uwansa mai lafiya. In akwai kumburi mai zafi, a dakata da sa karare sai ya saɓe. In akwai rauni, a yanke taga a jikin ɗaurin daidai girmansa don a riƙa dubawa ana sa magani. In zafi ya tsananta ko wurin ya canza, a kwance ba tare da jinkiri ba. Ya koyar da yin wani kwaɓi na ƙurar gari da take maƙalewa a bangon wurin niƙa, a dama ta da farin ƙwai, a shafa a tsumma, in ta bushe ta riƙe ƙashi. Ya kuma tsawata wa masu sake karya ƙashin da ya haɗe a karkace don su gyara shi da ƙarfin tsiya, ya nuna cewa garin neman gira ake rasa ido. Idan karkacewar ta tsufa ta kuma zama dole, shawararsa ita ce a tsaga wurin, a raba ƙashin da kaifin ƙarfe cikin natsuwa, a sassaƙe abin da ya yi yawa. Hausawa dai sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Karayar Ƙashin Baya

Domin a fahimci maganarsa a wannan babi, ya kamata mai karatu ya san cewa ƙashin baya gaɓoɓi ne 33 da aka ɗora wani bisa wani: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuwa a can ƙasa, galibinsu a manne da juna. Ta tsakiyarsu akwai rami, ta cikinsa laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa, ita ce take kai umarni ga hannuwa da ƙafafu da mafitsara, ta kuma komo da labarin zafi da taɓi. Ƙashi in ya karye yana haɗewa. Laka in ta tsinke ba ta ɗoruwa.

Az-Zahrawi ya gane cewa a nan maganar take. Saboda haka ya koya wa almajiransa cewa kafin su taɓa bayan majinyaci, su fara binciken lakar. In raunin a wuya yake, a dubi hannuwa: yana iya motsa su, ya miƙa, ya dunƙule? In an mintsine shi ko an tsikare shi da allura, yana ji? In yana motsi yana ji, to laka ta tsira, ana sa ran warkewa. In raunin a gadon baya yake, sai a yi wa ƙafafu irin wannan gwaji, a kuma lura ko iska da bayan gida suna kuɓuce masa ba da saninsa ba, ko fitsari yana zuba, ko kuwa yana son yi ya kasa. In waɗannan alamomi sun taru, ya ce lamarin ya fi ƙarfin likita. Abin mamaki, wannan gwaji na tsinin allura da motsa yatsu da tambayar fitsari, shi ne dai likitan yau yake fara yi a ɗakin haɗari kafin ya tura mutum ɗaukar hoto.

Ga wanda lakarsa ta tsira, ya ce a fara kwantar da kumburi da man wardi, ko shi kaɗai ko a haɗa da gasasshiyar gwaiduwar ƙwai, sa'an nan a sa kwaɓin da yake ƙarfafa wurin, a ɗaure, a tsare shi a kwance, kada ya kwanta ta wajen ciwon. In kuwa wani ɓalli na ƙashi ya rabu, to a tsaga a ciro shi, a ɗinke. Wannan kuwa fiɗa ce a kan ƙashin baya, a zamanin da babu allurar barci, babu hoton ƙashi.

Maganar Doro

A wani babi dabam ya yi bayanin gocewar gaɓoɓin baya. Ya ce in gaɓa ta fita gaba ɗaya daga mazauninta, babu magani, ajali yana kusa. In kuwa ɗan gocewa ta yi, tana iya yin gaba, ko baya, ko ɗayan gefuna biyu. Wadda ta turo baya ita ce doro. Ya kuma rarrabe doron da mutum ya taso da shi tun yana yaro, wanda ya ce kada a wahalar da mai shi da ja, da wanda ya samu ta dalilin faɗuwa ko duka, wanda shi kaɗai ya yarda a gwada mayarwa.

Ga yadda ya siffanta aikin. A kwantar da mutum rubda ciki a kan dakali kusa da bango, a sa shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashin ƙirjinsa. A kafa turke ɗaya ta wajen kai, ɗaya ta wajen ƙafa. A ɗaura igiya mai laushi ta ƙarƙashin hammata, wata kuma a ƙugu da gwiwoyi da idon sawu, mataimaka biyu su ja, kowa ya nufi turkensa. Sa'an nan likita ya ɗora tafukansa ya danna gaɓar. In ta ƙi, a sa bakin wani dogon allo a cikin rami a jikin bango, tsakiyarsa a kan doron, a danna ɗaya bakin. Ya kuma zana wata na'ura ta katako mai murɗawa, wadda take ja a hankali daidai gwargwado, maimakon fizgar hannu. Bayan an mayar, a sa kwaɓin farin ƙwai, a ɗora wani allo mai faɗin yatsa uku wanda zai rufe gaɓar da maƙwabtanta masu lafiya, a ɗaure. Ya ƙara da gargaɗi cewa wani tudu da ake gani a baya halitta ce kawai, wanda ya ɗauke shi gocewa ya danna yana iya kisa.

Tilas a faɗi gaskiya a nan, domin amana ce. Wannan hanya ta ja da danna, wadda asalinta daga Buƙraɗu take, likitoci sun bar ta, kuma sun hana ta, saboda an gano cewa danna bayan da ya karye yana iya tura ɓallin ƙashi ya tsinke lakar da dā ta tsira. Haka nan lalas da ya ambata ga doron da yake fara fito wa ƙananan yara. Yanzu an san cewa sau da yawa tarin fuka ne yake cin ƙashin baya, kuma da ƙwayoyin magani ake kashe shi. Abin da ya wanzu daga gare shi shi ne tunanin da ke ƙarƙashin aikin: a binciki laka tukuna, a rarrabe dalilin doro, a miƙar da baya a hankali, sa'an nan a tallafe gaɓar da ta raunana da maƙwabtanta har ta warke.

Rasuwarsa Da Tafiyar Littafinsa

Ƙarshen rayuwarsa ya zo cikin baƙin ciki. A 1009 fitina ta tashi a Ƙurɗuba a kan gadon sarauta. A 1010 aka washe Madinatuz Zahra aka ƙone ta, birnin da aka fara gina shi a shekarun haihuwarsa ya zama kango a kan idonsa. Ya rasu wajen shekara ta 404 Hijiriyya, watau 1013 Miladiyya. Wanda ya ba da wannan shekara shi ne Alhasan Al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, mutumin nan da ya rubuta bayanin Kano da Katsina a littafinsa na siffanta Afirka. Ibn Hazm, wanda ya riski zamaninsa, ya sa shi cikin manyan likitocin da Andalus take alfahari da su, almajirinsa Al-Humaidi kuma ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa.

Halifancin Ƙurɗuba ya rushe a 1031, birnin kansa ya fita daga hannun Musulmi a 1236, amma littafi bai mutu ba. A birnin Toledo wani malami mai suna Gerard na Kremona, wanda ya mutu a 1187, ya juya maƙalar fiɗa zuwa Latin. Turawa suka karya sunan Abul Ƙasim ya koma Albucasis, suka yi ta karanta shi a makarantun likita ƙarni bayan ƙarni. Babban likitan fiɗa na Faransa, Guy de Chauliac, ya ambace shi kusan sau 200 a littafin da ya gama a 1363. A ƙasar Turkiyya, Sharafuddin Sabunjuoglu na garin Amasya ya gina nasa littafin na 1465 a kan At-Tasrif, har da zanen yadda ake jan mai doro. An buga Larabcin tare da Latin a Oxford a 1778, da Faransanci a 1861, da Ingilishi a 1973. Yau akwai titi mai sunansa a Ƙurɗuba, kangon Az-Zahra kuwa an tono shi, a 2018 aka sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Inda Ilimin Ya Kai Bayansa

Abu uku suka ɗaure hannun Az-Zahrawi: zafin wuƙa, ruɓar rauni, da rashin ganin abin da ke cikin jiki. Allah ya kawo buɗi ɗaya bayan ɗaya. A 1846 aka nuna maganin sa barci a birnin Boston. A 1867 Lister ya bayyana yadda ake kare rauni daga ƙwayoyin cuta. A 1895 Rontgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1911 likitoci biyu a New York, Hibbs da Albee, kowa ya fito da hanyar manne gaɓoɓin baya su zama ƙashi guda. A 1945 Smith-Petersen ya bayyana yadda ake yanke wani sashe na ƙashin baya don a miƙar da wanda ya sandare a tanƙware. A 1962 Harrington ya ba da rahoton sandunan ƙarfen da ake dasawa a baya, daga bisani Roy-Camille a Faransa ya yaɗa ɗaura kusoshi a jikin gaɓar kanta.

Doron da ke biyo bayan karaya, ga yadda yake samuwa. Galibi a mahaɗar bayan ƙirji da ƙugu ake karyewa. Gaban gaɓar ya murƙushe, bayanta yana nan, sai ta koma kamar bakin gatari. Nauyin jiki ya rinjaya gaba, tsokar baya ta yi ta fama har ta gaji, ciwo ya zauna, lanƙwasa ta riƙa ƙaruwa, wani lokaci har ta matse laka, ƙafafu su fara sanyi bayan shekaru. Ba kowace karaya take bukatar wuƙa ba, da yawa hutu da rigar tallafi sun ishe su. Amma in doron ya yi yawa, ko ciwo ya hana sukuni, ko laka ta matsu, sai a yi fiɗa: a ɗaura kusoshi a gaɓoɓin sama da na ƙasa, a yanke tsinin ƙashi a cire, a miƙar da baya a hankali, a haɗa kusoshin da sanduna, a dasa ɓarɓashin ƙashi don su manne. Aiki ne babba mai haɗarin zubar jini da taɓa jijiya, ba kowane likita yake shigarsa ba. Mai lura zai ga cewa allon nan mai faɗin yatsa uku da Az-Zahrawi yake ɗorawa a waje, shi ne ya koma ƙarfe ya shiga ciki.

Hatta waɗanda ya yanke wa ƙauna, yau ba a yanke musu. Abin da yake kashe su a dā shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Tun daga 1944 likita Ludwig Guttmann a Ingila ya nuna cewa in ana juya majinyaci a kai a kai, ana fitar masa da fitsari cikin tsabta, zai rayu shekaru, ya yi sana'a a kan keke, ya riƙe iyalinsa.

Abin Lura Ga Jama'a

Malamai sun ƙidaya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, kamar yadda Imam Al-Gazali ya bayyana a Ihya'u: in gari ya rasa mai shi, duk garin ya ɗauki laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, bai ga sarauta ta hana shi wallafa littattafan magani ba. Haka kuma Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito hadisi mai nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, to ramuwar ɓarnar da ya yi tana wuyansa. Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba kuma likita, wanda ya rasu a 1198, ya tattauna wannan hukunci a Bidayatul Mujtahid. Ke nan gargaɗin Az-Zahrawi ga almajiransa, cewa su nisanci aikin da suka san halaka ta fi rinjaye a cikinsa, kada kwaɗayin abin hannun majinyaci ya ja su, fiƙihu ne tsantsa da ya shigo ɗakin fiɗa.

Masu ɗorin gargajiya na ƙasar Hausa sun daɗe suna taimakon jama'a, da yawansu gado suka yi, wasu ko sisi ba su karɓa. Mafi daraja a cikinsu shi ne wanda ya san iyakarsa, wanda in aka kawo masa mai ciwon wuya ko baya, ko karaya mai rauni, zai ce a wuce asibiti. Daga Wudil zuwa Kano ba nisa. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Sauran magana tana ga waɗanda suke fara isa wurin haɗari, domin sau da yawa tausayi marar ilimi shi yake ƙarasa abin da mota ta fara. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a tayar da shi zaune, kada a ɗauke shi wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, kada a naɗe shi a cusa a kujerar mota. A tambaye shi ya motsa yatsun hannu da na ƙafa. A nemo faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum huɗu su ɗora shi a tare, ɗaya yana riƙe da kai daidai da jiki, a kai shi asibiti a miƙe. Wanda kuma aka sallama, ya ga bayansa yana ƙara lanƙwashewa ko ƙafafunsa suna nauyi, ya koma tun da wuri. Salla ba za ta hana shi jinya ba, shari'a ta sauƙaƙa masa ya yi ta a zaune ko a kwance.

Ga samarin Wudil kuwa, waɗanda Allah ya kawo wa jami'ar kimiyya da fasaha har gida tun 2001, ga abin koyi. Mutumin nan ya karanta na magabata, ya jarraba da hannunsa, ya zana wa maƙera kayan aikin da yake bukata, ya kuma rubuta kurakuran da ya gani don kada a maimaita. Fadar da ya yi wa aiki ta zama kufai, amma amfanin iliminsa bai yanke ba.

Allah ya jiƙan Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya sa aikinsa ya zama sadaka mai gudana. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti, ya kiyaye matafiya a kan hanyoyi. Amin.